Kwalbar Mudi

Duk kasuwar Gazawa an san Maharazu mai turare ba ya sakin haɗi ranar da ya yi shi. Sai ya toshe kwalba ya tura ta bayan akwati, ko da amarya ce ke jira. Cewa yake haɗin yau baƙi ne aka tara a ɗaki ɗaya, sai sun kwana tare kafin su san juna.

Amininsa Mudi dillalin awaki ne, Bagobiri daga Sae Sabuwa. Maharazu kuwa Bakatsine ne, saboda haka shekara talatin ba su taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Mudi ya sha taba tun yana saurayi, irin ta gida da ake cusawa a tukunyar taba. Da tari ya kayar da shi bara, lokotoro a asibitin Maradi ya ce in ya ƙara kunna ta, kada ya wahalar da kansa da dawowa. Ɗansa na Yamai ya aiko masa da sigarin lantarki, wanda ake ɗura wa ruwa ya ba da tururi. Sai dai ruwan da aka haɗo da shi na cingam ne da na mangwaro.

Wata ranar kasuwa Mudi ya zo ya zauna a bencin Maharazu, ya dire abin a kan teburi.

"Bawana, dubi yadda aka maishe ni. Furfura har gemu, ina ƙamshin alawar yara 'yan lakol."

"Ai ya dace da kai," in ji Maharazu. "Bagobiri dama hankalin yara gare shi."

Mudi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya sassauta murya.

"Ka yi mini warin tabata. Ba ƙarfinta nika so ba. Wadda tsohona ke shanyawa bisa rufin rumbu, ita nika so in ƙara ji."

Washegari Maharazu ya shiga motar Katsina. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon da ake sayar da ruwan ɗanɗano na irin wannan sigarin, a 'yan kwalabe kamar na maganin ido. Mai shagon ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa man turare, ba a yi shi don ƙirji ba. Ya kuma ce haɗin taba sai ya yi mako biyu a duhu kafin ya nuna. Maganar nan ta yi wa Maharazu daɗi. Ashe su ma sun san kwana.

Ya dawo da ɗanɗano biyar, har da na taba da na zuma, da farin ruwan da ake zuba su ciki. Tsakanin azahar da la'asar, in ciniki ya yi sanyi, sai ya ɗauki sirinji yana ɗigawa ɗaya-ɗaya. Na farko ya fito kamar sukari ya ƙone. Na uku ya zubar da shi a kwata. Ya je ya tambayi Mudi abin da ya rage.

"Akwai ɗan ɗaci can ƙarshe, kamar goron da ya kwana a aljihu."

A haɗi na bakwai hancinsa ya ce masa ya iso. Ya toshe kwalbar, ya tura ta bayan akwati, kullum da safe ya girgiza ta ya ja layi ɗaya da gawayi a bango.

Layi tara ne a bangon ranar da ya je gidan Mudi, don ya kwana biyu bai fito kasuwa ba. Dija matar Mudi ta yi masa iso. Ya tarar da shi kwance a tabarma, wuyansa ya zama kamar na zabo.

"Ina kwalbata, bawana?"

"Saura kwana biyar."

"Kawo ta hakanan."

"In kawo ta ɗanya, ka warke ka bi kasuwa kana cewa Bakatsine bai iya ba? Ban yarda ba."

Mudi ya ɗago kai ya dube shi.

"Kai kana ƙidayar kwanan kwalba. Ni nawa nika ƙidaya."

"Rabu da ni. Ku Gobirawa kun cika taurin rai, kai za ka binne ni."

Kwalbar tana aljihun Maharazu a lokacin. Ya ɗauko ta ne da niyyar bayarwa, amma a hanya ya buɗe ya shinshina, ya ji zumar ta fi ƙarfin tabar. Hannunsa na kanta har ya yi sallama, bai fito da ita ba.

Layi goma sha biyu ne a bango da hantsin da aka zo aka gaya masa. Ya rufe shago, ya bi gawa, ya zuba ƙasa da hannunsa.

Ranar sadakar uku ita ce ta goma sha huɗu. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, ya koma gefen zaure ya zare murfin kwalbar. Ga ta nan: busasshiyar taba, zafin rana a kan ciyawar rumbu, da ɗan ɗacin nan a ƙarshe. Bai taɓa yin haɗi mai kyau irinsa ba.

Ya nemi izini ya shiga wurin Dija, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya miƙa mata. Ta kai hanci, sai ta sa bakin zane ta rufe fuska.

"Warin rigarsa ke nan sak, lokacin da aka kawo ni gidan nan."

"Ban samu na kawo masa ba, Dija."

"Ai ka kawo," in ji ta. "Ranar da ka zo, kana fita ya ce mini tana aljihunka, ya ji ta tun kana zaure. Na ce bari in bi ka in karɓo. Ya ce in ƙyale ka, ba ka son a ga aikinka ɗanye."