Lambar da ke Sunan Tela

Tela ne ya fara kawo intanet layin shagunan, kuma ba don gayu ba. Matan da yake yi wa ɗinki sun daina zuwa da bayani a baki, sai dai su turo hoton riga su ce, “Irin wannan sak, amma ka ɗan saki hannun.” Datar wayarsa kuwa a tsakiyar hoto take ƙarewa. Sai ya sa aka kafa masa ɗan farin akwati mai eriya biyu a saman kantar zare.

Wadda ta zo haɗawa, wata doguwar mata da kowa ke kira Injiniya, ba ta tafi ba sai da ta zaunar da shi.

“Baba, ka ji yadda abin yake. Duk wayar da ta shigo nan, akwatin zai ba ta lamba, don ya san wa zai miƙa wa saƙo in ya dawo. Wannan lambar ta cikin gida ce, aro ce ma, yau tana hannunka gobe tana hannun wani. Amma da saƙo ya fita waje, duniya lamba ɗaya take gani, wadda kamfani ya ba akwatin. Ita kuma sunanka ne a kanta.”

“Wato kamar gidan haya,” in ji Tela. “Ɗakuna rututu, lambar ƙofa ɗaya.”

“Ka gane. To ka san wanda za ka ba ɗaki.”

Ya yi dariya, ya ce ai duk layin ’yan’uwa ne. Kafin mako ya zagayo kalmar sirrin shiga intanet ɗin tana wajen mai gyaran takalma, da mai kemis, da mai sayar da gilashin mota. Mai aski na shagon kusa, wanda ke kiran Tela “Yayana”, shi har bango yake jingina da waya don ta fi ja.

Wata safiya Tela yana gwada wa wata tsohuwa tsawon hannu, tef a wuyansa, fil a bakinsa, sai ’yan sanda suka shigo. Sufetonsu bai ɗaga murya ba, amma bai rage ta ba, duk layin ya ji. Ya ce wani ya daɗe yana tura wa wata malamar makaranta hotunan banza da aka liƙa fuskarta a kai, da barazanar zai watsa su. An bi sawun saƙonnin zuwa lamba ɗaya, kamfani kuma ya faɗi mai ita.

“Ranka ya daɗe, ba ni kaɗai ke amfani da shi ba,” in ji Tela. Fil ɗin ya faɗi daga bakinsa. “Ga su nan, a tambaye su.”

Aka tambaye su a nan bakin ƙofa. Mai kemis ya ce shi datarsa yake saye. Mai takalma ya zaro wata tsohuwar waya mai maɓallai ya nuna, sabuwar tana aljihun baya. Mai aski ya girgiza kai cikin jimami.

“Wallahi ban ma san yana da intanet ba. Kai, Yayana, da girmanka?”

Tsohuwar ta janye hannunta, ta kakkaɓe wurin da tef ya taɓa.

’Yan sandan sun tafi da shi da wayarsa, suka ce za a dawo ɗaukar akwatin. Matarsa ta iso a rikice, ta tarar da shagon a buɗe. Mai aski ne ya ba ta kujera, ya kawo mata ruwa.

“Yaya, in suka buɗe akwatin nan kashinsa ya bushe. Bari in taimaka.”

Ya ɗauki allura daga kan keken Tela, ya zura a wata ’yar huda a bayan akwatin, ya danne har fitilun suka mutu suka dawo. Ta yi ta sa masa albarka.

Da Injiniya ta ji labari ta je ofishin ’yan sanda da kanta. Aka fito da Tela daga bayan kanta ba takalmi, aka jona akwatin da aka ɗauko daga shagon a gabansa. Ta ce tana iya yiwuwa a ga wace waya ce ke riƙe da wace lambar ciki, domin kowace waya tana da tata shaidar da akwatin ke gane ta da ita. Ta duba, ta sake dubawa.

“An wanke shi,” ta ce. “Kamar yau aka ciro shi daga kwali.”

Sufeton ya kalli Tela. “Mai gaskiya ne ke wanke akwati?”

“Yallaɓai, lamba ɗaya na iya ɓoye wayoyi da yawa,” in ji Injiniya.

“Na sani, Madam, ba yau na fara aiki ba. Amma ni lamba ɗaya aka ba ni, da suna ɗaya.”

Ba a sami komai a wayarsa ba, don haka daga ƙarshe aka sake shi, aka mayar masa da akwatinsa. A gida matarsa ta ba shi labarin taimakon mai aski, tana cewa da ba don shi ba da yanzu wani zancen ake. Tela ya ajiye cokali. Ya faɗa mata abin da allurar ta goge, da wanda gogewar ta amfana.

“To in shi ne, me ya sa ba shi aka kama ba?” Ta tattara kwanukan. “Ni dai ka faɗa mini, ka san malamar ko ba ka san ta ba?”

Ya koma wajen Sufeto ya kai sunan mai aski. Aka ce ya kawo hujja, ko ya yi hankali da ƙazafi.

Matan layin suka aiko mazajensu su karɓe yadukansu, har waɗanda ya riga ya yanka. Wata ta rubuto masa cewa ya goge awonta. Ya ɗauki akwatin ya jefa ƙarƙashin tebur, ya koma ɗinkin rigar matashin kai da labule, su ma jefi-jefi.

Yana zaune wata rana yana sa wa keken mai, sai mai aski ya leƙo yana fito, da wando a kafaɗa.

“Yayana, sannu da hutawa. Zif ɗin nan ya lalace, ka ɗan duba mini. Ka ga ni ban guje ka ba, duk da abin da ake faɗi.”

Tela ya dube shi. Almakashi na nan kusa da hannunsa, kuma mai kemis da mai takalma sun fito suna kallo, suna jiran ya tabbatar musu da irin mutumin da yake. Tun safe ba abin da ya ɗinka.

“Ajiye a nan,” ya ce.

“Amma fa da yamma nake so. Kuma ka yi shi da kyau, ba irin na da ba.”

Tela ya juya wandon, ya fara warware ɗinkin.