Dankali a Takalmin Hallbera

Masu cewa zumunta a ƙafa take ba su tambayi Hallbera ba. Awa bakwai ta yi a mota daga garin Akureyri zuwa birnin Reykjavik, dusar ƙanƙara na zuba, don ta yi Kirsimeti a gidan ɗanta Ketill, wanda ya shekara huɗu bai neme ta ba.

Jikarta Dagny, 'yar Ketill, ce ta nace. "Kaka, ajiye takalminki a taga kusa da nawa. Aljanun dutse za su sa miki alewa. Mara jin magana kaɗai suke ba ruɓaɓɓen dankali."

Hallbera ta ajiye tana dariya.

Da safe yarinyar ta sami alewarta. Hallbera ta zura hannu a nata takalmin, ta zaro baƙin dankali, da tikitin motar komawa Akureyri ta ƙarfe goma a ƙarƙashinsa.

"Kai, Kaka! Me kika yi?"

Hallbera ta dubi ɗanta. Ketill na shafa man shanu a burodi.

"Faɗa mata mana, Mama," in ji shi. "Ina kamar shekarunta kika tafi kika bar ni. Yi sauri, motar ba ta jira."

Cikin takalmin ya jiƙe da ruwan dankalin. Haka ta sa shi.