Aron Rariya

Wata ƙungiya ce daga Yamai ta gano cewa tsofaffi suna da labarai, abin da jikokinsu suka daɗe da sani, har suna gudu. Sai ta haɗa kai da wani gidan rediyo a Magarya aka shirya gasar gajerun labarai. Akwai rukunin ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, akwai na magidanta, akwai kuma na waɗanda sanarwa ta kira "taskar al'umma", wato masu ciwon gwiwa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ya faɗa da baki, a ɗauka a na'ura.

Gimbiya tana ɓarar gyaɗa a gidanta na Yekuwa ta ji sanarwar. Kyautar ba ta ɗaga mata hankali ba, bargo ne da rediyo, kuma tana da duka biyun. Abin da ya tsayar mata da hannu shi ne sunayen alƙalan gasar, don a cikinsu akwai Mushe Isufu, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, tsohon daraktan lakwal, ɗanta na fari.

Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta taras ana yi, haka ta yi, har ta fi na gabanta iyawa. Ana yaye shi aka kai shi gidan kakarsa a ƙarshen gari, ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Yaya. Ita kuwa in maganarsa ta kama sai ta ce "wancan", duk wani Isufu na garin ya koma "mai sunan wancan". Mata suna ba da misali da kunyarta.

Bara, wajen sunan jikansa, Isufu ya yabe ta a gaban jama'a. Ya ce irin Yaya ta ƙare a duniya, ko lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi ba ta leƙo ba. Aka yi dariya, aka sa mata albarka. Shi ma ya yi dariyar, amma Gimbiya ta san wannan dariya, irinta yake yi yana yaro idan ya faɗi a gaban mutane. Ta koma gida da abin a ranta. Ta san ba za ta iya zaunar da shi ta gaya masa ba, ga shi shekaru sun ja, ba ta da tabbacin wata damina. Amma alƙali dole ya saurari abin da aka kawo masa.

Autarta Sa'a ce ta raka ta Magarya, farko a amalanke, sannan a motar haya. Mai ɗaukar labaran wani saurayi ne, Najib, wanda ya gama jami'a a Damagaram ya fito da ra'ayi a kan komai. Gimbiya ta dube shi ta ce wannan ango nata ya cika rama, ko abincin boko ba ya kama jiki? Ya ce amarya ta zauna, in ta ci gasa sai ta ciyar da shi.

Ta ba da labarin wata mata da ɗanta ya kwanta ƙyanda a gidan surukarta. Zuwa dubiya abin kunya ne, don haka matar ta ɓoye rariyarta a bayan rumbu, ta tafi aro. Surukar tana ɗauko rariya, ita tana satar kallon tabarmar da yaron yake, tana duba ko ƙirjinsa na motsi. Da la'asar ta mayar da rariya, ta sake kallo. Washegari ta dawo aro. Haka ta yi ta yi har yaron ya tashi, ta tankaɗe garin da gidan bai buƙata ba, surukar kuwa ta bi gari tana cewa ɗanta ya auro sakarya wadda ko rariya ba ta iya riƙewa.

Najib ya kashe na'ura, ya ce labari ya yi daɗi, sai dai ba kowa a cikinsa. Wata mata, wani yaro, wata suruka, wani miji. Ƙa'idar gasa ta ce tauraron labari ya zama da suna, kuma shi aka ɗora wa tacewa. Wanda bai cika ƙa'ida ba, ba zai kai gaban alƙalai ba.

"Kaka, yaron nan fa, ya sunansa?"

Sa'a ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Gimbiya ta ce yaron yana da suna, liman ya raɗa masa, a je a tambayi liman. Najib ya ce to surukar. Ta ce ashe angon nata ba shi da tarbiyya. Mijin fa? Nan sai ta harare shi. Ya kawo shawara a ƙirƙiro wa yaron suna, a ce Maina ko Mas'udu, ai haka marubuta suke yi. Ta ce in aka ce Maina ya zama ɗan wata, ita kuwa ba ta tankaɗe garin nan don ɗan wata ba.

Najib ya fara naɗe waya. Ba mugu ba ne, akwai wasu tsofaffin a waje suna jira a rana. Gimbiya ta bi wayar da kallo. Ta zo ne da niyyar ɓuya a bayan "wata mata", in mai ji ya gane shi ke nan, sauran jama'a ba su da shaida. Suna ɗaya ya rage a labarin wanda bakinta zai iya ɗauka, shi ne kuma mai tsada, don gidan rediyon ya ce zai watsa duk labarin da ya kai gaban alƙalai. Matan Yekuwa za su ji cewa wadda suke ba da misali da ita ta yi ta zarya da rariya kamar marar kunya.

"Kunna abinka, ango," in ji ta. "Ai ba yaron ne ya yi tafiyar ba, yana kwance. Matar ce. Sunanta Gimbiya, a Yekuwa take."

Ba ta ci gasar ba. Bargon ya tafi ga wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya ba da labarin gaskiyarsa da riƙon amanarsa, alƙalai suka yaba masa da ƙarfin ƙirƙira. An ce Mushe Isufu ya ƙi ba da maki a labari ɗaya, ya fita waje ya daɗe, ya dawo yana kukan mura. A Yekuwa kuwa mata suka samu abin yi a bakin rijiya; duk wadda ta gamu da Gimbiya sai ta tambaye ta ko tana da rariyar aro.

Ranar wata Juma'a babur ya tsaya a ƙofar gida. Isufu ya yi sallama, ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, ya gaishe ta, ta amsa tana kallon akuya. Sai ya zaro sabuwar rariya daga jaka ya jingina a jikin turmi.

"Yaya, na ji an ce ta gidan nan ta ɓata."

Gimbiya ta ce wa Sa'a ta gaya wa baƙo an gode, ta kuma dama masa fura, a sa nono da yawa. Ya sha a hankali, ya yi zancen gero da na hanya, amma da Sa'a yake yi. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin zaure, ya ce af, ta gidansa ma ta yage, ko za a ba shi aron wannan, ya dawo da ita Juma'a mai zuwa.

"Ba shi," in ji Gimbiya. "Ki ce masa kada ya aiko yaro da ita. Yaran yanzu ba su iya riƙon kaya ba."