Layin Gishiri a Gonar Deok-man

Karo na huɗu ke nan Yong-sik ya zo gidan Mal-sun da takardar. Ya same ta a baranda, zaune kan dogon benci, tana gyaran jan barkono. Shi ne mai kula da gandun tsuntsayen bakin teku, furfura ta fara cin kansa, amma a wurinta har yanzu yaron nan ne da ta taɓa kora daga kan bishiyarta da muciya.

"Inna, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai ne dai ban ga alamar kana rasa ci ba, ji tumbi. In takardar ce, mayar da ita jaka."

Hukuma tana so ta faɗaɗa gandun. Za a fasa madatsar da ta tare teku, gonakin shinkafa goma sha biyu su koma taɓo kamar dā, don gauraki masu farin kai da ke zuwa da sanyi su sami wurin kiwo. Mutum goma sha ɗaya sun buga hatiminsu a takardar amincewa. Saura gonar Mal-sun, wadda ke daidai tsakiya.

Mijinta Deok-man ya rasu wata bakwai da suka wuce. Da bayansa ya ɗauki duwatsun madatsar nan shekara uku, ana sallamar ma'aikatan da garin alkama. Kafaɗarsa ta dama ba ta sake daidaita da ta hagu ba har aka sa shi a ƙasa. Gani take in ta buga hatimin, kamar ta ce masa wahalar banza ya sha.

Geum-rye, maƙwabciyarta, ta leƙo ta kan katanga.

"Yaya, ki buga masa mana ya huta. Takalminsa ya ƙare a hanyar gidanki."

"Ke da kika buga naki tun ba a gama karanta miki ba, me kika sani?"

"Na san gwiwata ta mutu, ke ma taki ta mutu. Wa zai yi miki dashe baɗi? Gaurakin?"

Yong-sik ya yi dariya, ya shimfiɗa taswira a kan bencin, wai ko kallo ta yi. Mal-sun ba ta wuce aji biyu ba, rubutu wahala yake ba ta, amma ta gane tudu, ta gane hanya, ta ga jar alama a kusurwar gabas.

"Wannan fa?"

"Nan za a fasa."

"Wane mara hankalin ne ya ce nan?"

"Injiniyoyi, Inna. Daga birni."

"Ƙasar nan tauri ne da ita kamar kanka. Ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita, ya kwanta ya ruɓe. Ko kaguwa ba za ta zauna ba, balle tsuntsu. Ƙorama ba ta nan."

"Wace ƙorama? Babu ita a taswira."

Mal-sun ta miƙe. Ta ɗauki sandarta ta nufi gona, su biyun suka bi ta.

Tana da shekara goma sha tara aka kawo ta ƙauyen, lokacin babu madatsa. In ruwa ya janye, taɓo ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Mata su ɗora gwiwa ɗaya kan dogon katako, su riƙa turawa da ɗaya ƙafar, suna sulalawa gefen ƙoramar da ke karkacewa tsakiyar taɓon, suna waƙa suna zagin juna, su dawo da kwanduna cike da kaguwa. Ranar farko da ta hau nata katakon ta kifa da fuska. Deok-man yana bakin gaɓa, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ita kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da aka gama madatsa, taɓo ya zama gona, sai ya kafa wa katakon ƙafafu huɗu. Shi ne bencin baranda.

An riga an yi girbi, kututturen shinkafa ne kawai a gonar. Duk da haka layin yana nan: wani karkataccen zane da ya taso daga gindin madatsa ya ratsa gonar, inda kututturen suka fi siranta, ƙasa ta yi fari-fari.

"Ga ta nan," in ji Mal-sun. "Shekara hamsin da ɗoriya Deok-man yana faɗa da ita. Ya zuba ƙasar tudu, ya binne ƙaiƙayi, ya wanke da ruwan daɗi. Kowace shekara shinkafa ta yi kore ko'ina, nan kuwa ta yi rawaya. Gishiri ne ke tasowa. Mai Taurin Kai yake ce mata."

"Ai ke ma haka yake ce miki," in ji Geum-rye.

"Shi ya sa in ya kira sunan ban cika amsawa ba."

Ta dubi farin layin. Ta tuna damina ta ƙarshe da Deok-man ya gani, yana kwance ba ya iya fita. Ta dawo daga gona ya tambaye ta ko Mai Taurin Kai ta fito bana. Ta ce ta fito. Ta zaci zai yi tsaki kamar kullum, sai ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Da ba ta fito ba da na ji kewa." A lokacin ta ɗauka zafin ciwo ne ke sa shi surutu.

Yong-sik ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Inna, in na kawo injiniyoyin, za ki nuna musu?"

"In nan za su fasa, zan buga. In can ne, su jira in mutu."

Sai da aka yi wata biyu ana aune-aune kafin jar alamar ta koma inda ta nuna. Ta ciro hatiminta daga gwangwanin tabar Deok-man, ta hura masa numfashi, ta danna. Tambarin ya ɗan karkace.

Ranar fasawa da hantsi, mutanen ƙauye suka tsaya kan tudu. Katafila ta ciro duwatsun ɗaya bayan ɗaya, Mal-sun tana kallon kowanne. Da ruwan teku ya fara cikowa, ya tsaya a bakin gibin kamar yana shawara, sannan ya shigo siriri. Bai bazu ba. Ya kama farin layin nan, ya karkata hagu inda layin ya karkata, ya dawo dama, har ƙarshen gonar.

Geum-rye ta fashe da kuka. Mal-sun ta buɗe kwalbar giyar shinkafa, ta tsiyaya wa Deok-man a ƙasa.

"Tsoho, Mai Taurin Kai ta kayar da kai," ta ce a hankali. "Sha, ka yi ƙoƙari."

Da suka koma gida ta nuna wa Yong-sik bencin.

"Cire masa ƙafafun nan."

"Haba Inna, sai taɓon ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya ɗauki katako. Ga gwiwarki kuma."

"Gwiwa ɗaya ake ɗorawa, sakarai. Ɗauko guduma, tana bayan tulun miya."