Rantsuwar Sammani

Sau uku muciya ta bugi katanga, sannan shiru. Maikuɗi yana tsakar gida zai zuba wa tunkiyarsa harawa, ya tsaya da damin a hannu. Wata huɗu ke nan rabonsa da jin wannan bugun. Saliha ce, matar maƙwabcinsa Sammani mai feshin tumatir, kuma shekara shida ma'anar bugun ɗaya ce: jiya maigidan ya sha, yau ya kasa tashi.

Haushi ne ya fara zuwa masa, ba tausayi ba. Da azumin bana, a gabansa Sammani ya yi alwala ya rantse ya bar kwalba har abada. To ga abadan nan ta ƙare tun ba a gama tsinkar tumatir ta fari ba.

Duk ƙauyen nan na gefen Bunkure babu wanda ya san ciwon da giya ke barin mutum da shi da safe kamar Maikuɗi, kuma babu wanda ya san ya sani. Shekara ashirin ya yi yana jan motar tumatir daga Kadawa zuwa Ikko, abin da ya sha a hanyar nan sai dai Allah ya yafe. Ya tuba, ya ajiye tuƙi, ya kama noman rani, amma ilimin bai bar shi ba, har yana ɗan ji da shi a ɓoye. Shi ne ya tsinci Sammani wata safiya a kwance a bakin kanal, ya goyo shi gida kafin masu ban-ruwa su fito. Tun daga ranar asirin ya zama nasu su uku. Da aka ƙaddamar da shari'a kuwa abin ya ƙara nauyi, don bulala tamanin ce a gaban jama'a, ga Sumayya 'yar Sammani tana zuwa Islamiyya, ita yara za su riƙa nunawa da baki.

Ya zagaya ya yi sallama. Saliha ta amsa daga bakin madafa, ta ja mayafinta.

"Baba Maikuɗi, tun asuba yake amai. Bayan isha ya shigo yana tangaɗi, tuwo ko kallonsa bai yi ba. Da rigar aikinsa ya kwanta."

"Ai shi ke nan, ciki ba komai an zuba masa wuta. Jiƙa tsamiya ki dama kunu mai ruwa-ruwa. Ki ba ni ruwan randa a kwanon sha, da gishiri da suga."

Sammani yana kan tabarma ya dunƙule, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na bin gefen bakinsa. Ɗakin duk warin maganin feshi, amma wannan ba sabon abu ba ne. Ko ranar Juma'a da farar riga Sammani warin nan yake yi, shi ne ma ya daɗe yana rufe masa wancan warin a cikin sahu.

"Yaya," in ji Sammani, muryarsa can ƙasa, "wallahi ban sha ba."

Maikuɗi ya yi 'yar dariya yana juya ruwan da cokali. "Ni za ka gaya wa? Wannan rantsuwar na riga ka yin ta, tun kana yawo ba wando. Tashi ka sha."

Ya tallafo kansa ya kafa masa kwanon. Rabi ya shiga, rabi ya dawo. Bai damu ba, ya ga wanda ya fi haka. Ya gyara zama ya ɗauko karatun da ya saba yi masa, wanda shi kansa yake jin daɗin sauraro.

"Ka san abin da ke sara maka kai? Ƙishirwa ce. Ita giya ruwa ce mai korar ruwa, ka sha kofi ɗaya ka fitsarar da biyu, jiki ya bushe kamar gonar da aka tsallake ranar ruwanta. Ga barcinta ba barci ba ne, faɗuwa ce kawai. In kuma ka haɗa da mai duhun nan ta gargajiya, a kan yunwa, ai ka gama da kanka. Maganinta ba ya kemis. Ruwa ne da ɗan gishiri, sai kunu, sai haƙuri. Kafin azahar da bakinka za ka nemi tuwo."

"Duhu nake gani, Yaya."

"Za ka ga duhu mana."

"Ban sha ba. Na rantse da wanda..." Amai ya katse shi.

Da Saliha ta miƙo kunun ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta koma ba. "Baba, ko a kai shi asibiti? Yau kamar ya bambanta. Wannan yawun ban taɓa gani ba."

"A kai shi a ce me ya same shi? Asibitin da rabin masu jinya 'yan garin nan ne? Kafin la'asar labari ya riga mu dawowa gida. Ki bar ni da shi, ba yau na fara ba."

Ta koma madafa. Ita ma a ranta ba ta yarda da rantsuwar ba, ta ji irinta har ta gaji.

Ranar ruwan layinsu ce, shi kuwa ruwan kanal ba ya jiran kowa. Maikuɗi ya ce a bar shi ya yi barci, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ya ɗauki fartanya ya tafi. Yana buɗe wa albasarsa ruwa yana tsara faɗan da zai yi wa Sammani in ya warware, har da wuraren da zai sassauta murya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba mashayi kaɗai yake ɗaurewa ba.

Gab da azahar ya dawo. Tun daga zaure ya ji numfashin, wani irin gurgur kamar ana zuƙar ruwa da tiyo. Sammani ya yi fitsari a kwance. Naman fuskarsa da na damtsensa sai rawa suke su kaɗai. Maikuɗi ya tsaya a kansa. A shekara ashirin na tashoshin mota bai taɓa ganin giya ta sa nama rawa haka ba. Ya durƙusa ya yi abin da ya kamata ya yi tun da safe, ya kai hancinsa bakin Sammani ya shaƙa.

Babu giya. Ko alamarta babu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fita ba takalmi yana ƙwala wa Bilya mai a-kori-kura kira, aka watsar da kwandunan da ke bayan motar, aka shimfiɗa Sammani, aka ɗauki hanyar asibitin Kura.

Malamin asibitin ya buɗe idon Sammani ya haska da tocila. Ƙwayar ta tsuke kamar kan allura.

"Mene ne aikinsa?"

"Feshi," in ji Maikuɗi.

"Ku cire masa rigar nan maza, guba ce a jikinta! A kawo ruwa da sabulu. Tun yaushe yake haka?"

"Tun asuba."

Malamin ya ɗago ya dube shi. "Tun asuba, Baba? Kuna ina?"

Bai jira amsa ba, ya koma kan Sammani. Aka yi ta allura, wata bayan wata, ana zuƙe masa majina. Ana kiran la'asar a masallacin bakin titi malamin ya ja zane ya rufe fuskar.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Liman ya ce ba su san mamacin da komai ba sai alheri, mutum ne da ya rasu a kan neman halalinsa. Jama'a suka yi ta riƙe hannun Maikuɗi suna cewa Allah ya ba da ladan maƙwabtaka, an ga yadda ya fito ba takalmi. Asirin Sammani ya shiga ƙasa a rufe, babu wanda zai taɓa nuna Sumayya da baki. Abin da Maikuɗi ya so ke nan, ga shi ya samu, kuma bai taɓa jin ɗacin wani abu kamar wannan ba.

Da ya shiga yi wa Saliha ta'aziyya, bayan mata sun ragu, ba ta ɗago kai ba. "Gaskiya ya faɗa mana, Baba," in ji ta. "Sau ɗaya ya faɗa mana gaskiya."

Ranar sadakar uku Muhammadu Sani, mai gonar da Sammani ya yi wa aikinsa na ƙarshe, ya ce tsutsa ce ta sauko wa tumatirinsa, shi ya sa marigayin ya ƙara ƙarfin maganin, ya yi ta feshi tun azahar har duhu. Ya ce tankin feshin yana nan a bukkar gona, ko za a aiko a ɗauka. Maikuɗi ya ce shi zai je.

Ya same shi a jingine da turken bukkar, shuɗin tankin roba, igiyoyinsa sun yi baƙi da gumi. Ya juya shi ya duba, bai ga komai ba. Ya kai shi bakin kanal ya ɗauraye sau uku, ya cika shi da ruwa, ya goya a bayansa kamar yadda mai shi yake yi. Bai yi taku goma ba ya ji wani sanyi ya taɓa shi tsakanin kafaɗu, siriri, yana gangarowa ta cikin riga har ƙugu.

Bai sauke ba. Ya bi gefen kanal ɗin a hankali ya nufi gida, tumatir ya yi ja dama da hagu, ruwan yana ɗiga a bayansa a kan busasshiyar hanya.