Famfon Clarrie

"Miƙo min sifana. Ba wannan ba, babbar," in ji Clarrie daga ramin bayan jirginsa na ruwa, inda ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa.

Noelene ta miƙa masa. Shekara da shekaru jiragensu na ɗaure kusa da juna a mashigin Cygnet, kowa a nasa yake kwana shi kaɗai. Na Clarrie tsohon jirgin katako ne, ruwa na tsattsafowa ta inda sandar sitiyari ta ratsa gindinsa. Kullum da safe sai ya kama famfon hannu ya kwashe, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ita kuma da wannan ƙarar take ɗora shayi. Ita ce ta hana shi sakat sai ya gyara, don ya fara tsayawa yana haki a tsakiyar aikin.

Ya zare tsohuwar igiyar toshe ruwa da ta ruɓe, ya shafe sabuwa da giris, ya cusa ta kewaye da sandar, ya ɗaure tam.

"To, kin samu yadda kike so, sarauniyar mita. Yanzu da me za ki san ina raye?"

"Da tarin nan naka mana, tsoho. Har kifi ya san shi."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Gyara ya yi kyau. Safiya ta koma tsit, kuma shirun ya dame ta fiye da yadda ta zata. Sai ta riƙa leƙawa ta taga. Wata rana ta gan shi yana shanya tawul, wata rana ba ta gan shi ba. A mashigin nan ba a hawa jirgin mutum sai ya kira ka, in ƙofarsa a rufe take a bar shi ya huta. Da ta ga ƙofar a rufe kwana da kwanaki, sai ta ce sanyi ne ya hana shi fitowa.

Tsuntsayen teku ne suka tsorata ta. Sun jeru a kan rufin jirginsa hankali kwance, alhali Clarrie bai taɓa barin ko ɗaya ya sauka ba sai ya bi shi da zagi. Ta shiga ɗan kwalekwalenta, ta je ta buga jikin jirgin.

"Clarrie! Zan hau fa, ka yi faɗan daga baya."

Yana kan gadonsa, bargo har ƙirji, tabarau a hannu. Jikin ya daɗe da yin sanyi.

Ɗan sandan da ya zo ya tambaye ta, "Yaushe rabonki da jin motsinsa, Mama?"

"Ban sani ba," ta ce. Da can, lokacin ƙarar famfon, ko ba a tambaye ta ba, ta sani.

Ya ɗaga katakon ƙasa ya haska. "Kai, tsohon jirgi haka amma a bushe ƙamas! Wa ya yi gyaran nan?"

"Shi ne," ta ce. "Ni na sa shi."

Washegari ta tashi da sassafe, ta cika butar shayi, ta tsaya da ashana a hannu tana saurare. Ruwa na ɗan taɓa jikin jirgin Clarrie a hankali, tsuntsayen sun dawo kan rufin.