Cajar Badaru da Kan Ango

Sai da na ce wa Zakiyyu ya yi askinsa tun jajibere, amma taurin kai irin na 'ya'yan gwaggona ya hana shi. Wai sabon aski yake so, wanda zai shiga ɗaurin aurensa da shi yana sheƙi. Sumar nan ya fi shekara yana kiwonta, don amaryar, Khairunnisa, ta taɓa ce masa tana yi masa kyau.

Ranar Asabar da hantsi muka je shagon Badaru mai aski, nan bayan tashar Daura. Badaru ya kwashe gefen dama tas, ya hau tsakiya ke nan kilifa ta yi gurnani ta mutu.

"Kada ka damu, ango, batir ne," in ji Badaru. Ya jona caja. Ko ƙyaftawa fitilarta ba ta yi ba.

Ya sauya soket, shiru. Ya lanƙwasa wayar, ya ɗaure wuyanta da kyauro, ya buga kan cajar a tafin hannu. Wuta kuwa akwai ta, ga fanka tana juyawa a kanmu. Wani mai jiran layi ya ce cajar ce ta yi zafi, a sa ta a gindin randa. Wani ya ce a'a, a shanya batir a rana. Wallahi duka biyun sai da Badaru ya yi!

Ni na hau babur neman aro. Shago uku na zaga, kowace caja da irin bakinta, babu wadda ta shiga kilifar Badaru. Masu shagunan kuma kowa da layinsa, ba mai ba da tasa kilifar ranar Asabar.

Na dawo na tarar da Zakiyyu ya ƙura wa madubi ido, rabin kai fili, rabi daji. Na so in tsokane shi, taubashina ne, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayinsa ya kama ni. Ga wayarsa tana ta kuka, motocin zuwa Dutsi, garin amarya, sun cika, ango kaɗai ake jira.

"Dabo, ya zan yi?" ya tambaye ni.

"Da babu gara ba daɗi," na ce, na leƙa na kira Baba Kabo wanzami da ke zaune gindin dalbejiya da zabirarsa.

Tsohon ya dubi kan ya girgiza nasa. "Yaro, ni aski ɗaya na iya."

Ya jiƙa, ya wasa aska, ya sauke sumar nan kaf. Zakiyyu ya runtse ido har aka gama.

Ana cikin goge masa ƙeya, Badaru ya karyo tsinken tsintsiya ya soka a ramin da caja ke shiga jikin kilifa. Sai ga curin gashi ya fito. Ya mayar da caja, fitila ta kama, ja jawur.

"Alhamdu lillahi! Ashe lafiyarta lau!" Ya juyo yana washe baki. "Ango, zauna in ƙarasa maka."

Ba don na riƙe Zakiyyu ba, da an kwana a ofishin 'yan sanda.

A mota ya ɗora hularsa, wadda aka auna da suma, ta zarce har kunnuwa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya matso kusa da ni.

"Dabo, don Allah in mun isa ka riga ni shiga. Ka fara gaya wa Khairunnisa."